Dattijon da Ya Koya Mini Bin Sawun Ruwa

Ranar da na kama aiki a Kadawa, da takardar safiyo a hannuna, aka haɗa ni da wani dattijo mai ƙarancin magana. Kafin ya dawo aikin noman rani, ya yi shekaru yana gyaran filin wasan golf a Kano, inda a wancan zamani ake cakuɗa yashi da baƙin mai a daddaɓe bakin rami, saboda ciyawa ba ta jure raninmu. Na ɗauka wannan ba shi da haɗi da shinkafa. Ashe a can ya koyi karanta ƙasa: inda 'yar ƙwallo ta gangara, nan ruwa zai bi.

Aikina na farko a wajen Bunkure ne. Na zana yadda ruwan zai taso daga babban kanal ya shiga gonaki, na kai masa ina jiran yabo. Ya daɗe yana kallon takardar.

"Yaro, ka shigo da baƙo. Ta ina zai fita?"

"Baba, ai ƙasa za ta shanye."

Bai ce komai ba. Washegari da asuba ya sa na tuɓe takalmi, muka shiga wata gona a Kura da ruwa ya kwanta a cikinta. Taɓo har ƙwauri, gefen kunya ya yi fari da kanwa, kachala ta toshe magudana gaba ɗaya. Mai gonar na tsaye, ya ce alkamarsa ta bara ko iri ba ta mayar ba. Har yau ina jin sanyin taɓon nan.

Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, ruwa ke gangarowa Kura, Bunkure da Garun Malam ba tare da inji ba, gangaren ƙasa kawai yake bi. Shi ya sa kuskuren taƙi ɗaya a awo kan bar wani da ambaliya, maƙwabcinsa da ƙishi. Dattijon ba ya kafa na'urar awo sai ya zaga fili da ƙafa, ya tambayi manomi inda ruwan damina ke kwanciya. A ganina babu taswirar da ta kai amsar manomin nan.

Ya rasu ban taɓa gode masa yadda ya kamata ba. Allah ya jiƙansa. Ku kuma matasan injiniyoyi da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, don Allah a yashe magudanai kafin a saki ruwan bana.