Ranar da muka hau duwatsun Adar

Ina ɗan shekara 13 na shiga ƙungiyar masu keke ta lakwal ɗinmu, a Buza. Mu goma sha biyu ne, da mushenmu. Ni ba ni da keke. Na baba nake ara, wanda yake kai albasa kasuwa da shi. Keken nan shi ne jakinmu, shi ne motarmu.

Ƙungiyarmu tana da doka biyu. Ta farko: kowa ya duba kekensa kafin a tashi. Ta biyu: ba a barin kan tudu sai na baya ya iso.

Wata Lahadi, lokacin ɗari, muka shirya zuwa kwarin Majiya. Da asuba mushe ya bi mu ɗaya-ɗaya yana tambaya: «Taya? Sarƙa? Birki?» Na san robar birkina na baya ta cinye. Amma na ji tsoron a bar ni gida. Na ce: «Lafiya lau, mushe.»

Ƙasar Adar ba kamar ta Maraɗi ba ce, inda hanya take shimfiɗe. Nan, in ka gama hawa sai gangara, in ka gama gangara sai hawa. Kekunanmu ba su da giya. A hawan farko muka miƙe tsaye bisa feda, iskar hunturu tana bugun fuskarmu. A na biyu na sauka, na tura. Da na kai sama na tarar duk suna jirana. Babu wanda ya yi mini dariya. Babban cikinmu ya miƙo mini gorar ruwa.

Daga can bisa muka hango kwarin. Kewaye da mu jan dutsi ne da faƙo, amma ƙasa ga itatuwa kore shar, jere kamar layin littafi. Mushe ya ce dogon yaro ne. An fara dasa su a 1975, layi biyu-biyu, da tazarar mita 100 tsakanin jeri da jeri. Suna tare iska don kada ta kwashe ƙasar gona, ko ta binne ƙaramin hatsi da rairayi. Manoman kwarin ne suka dasa su, aka yi gadinsu har suka fi ƙarfin awaki.

Sai gangara. Mushe ya ce: «Ku bar fili tsakaninku. Ku matsa birki biyu, na baya tukuna, sannu-sannu.» Na matsa na baya, keke bai ji ba. Gudu ya ƙaru, tsakuwa tana tsalle. Na ga kwana gabana, na damƙe birkin gaba da ƙarfi. Ƙafar gaba ta tsaya cak, ni kuwa na wuce ta bisa kan keke.

Allah ya kiyaye, gwiwa da tafin hannu kawai na kurje. Amma ƙafar gaban keken ta lanƙwashe. Da na gan ta sai na fashe da kuka. Jibi kasuwa, ga albasar baba cikin buhu.

Mushe ya wanke mini ciwon, ya duba birkin, ya dube ni. Bai ce komi ba. Shirun nan ya fi mini bulala zafi.

Ba mu kai kwarin ba ranar nan. Mutum goma sha ɗaya suka fasa tafiyarsu saboda ƙaryar mutum guda. Wani ya goya ni, biyu-biyu suka riƙa karɓa-karɓar tura keken. Kowane tudu, sai an jira na baya. Muka shiga gari bayan la'asar.

Na faɗa wa baba gaskiya duka. Ya daɗe yana kallon ƙafar keken, sa'an nan ya ce: «Robar birki ba ta da tsada. Da ka yi magana, da mun saya.» Ƴan ƙungiya suka tara dala-dala, mai gyaran keke ya miƙe ƙafar, ya sa sabuwar roba. Duk da haka kasuwar makon nan ta wuce baba, sai da ya ari jakin maƙwabci ya kai rabin kayan.

Bayan wata guda muka koma, muka sha inuwar dogon yaron nan. Amma kafin mu tashi, mushe ya ce daga yau ni ne mai duba birkin kowa. Na matsa na kowa da hannuna, har da nasa.