Kwana ɗaya kusa da Bakolori

1/ Jama'a, dam ɗin Bakolori da aka gama a 1978 ya isa wurin yawon buɗe ido. Na kwana a wani masauki mai araha kusa da shi.

2/ Katifa a ƙasa, bokitin wanka, an kashe janareta ƙarfe goma. Sauro sun ci rabonsu. Amma gasasshen kifi da iskar ruwan nan, wallahi ba a magana.

3/ Barci ne ya gagara. Babur na wucewa ta hanyar Maradun, sai gabana ya faɗi. Maigadi ya ce, "Samari, kwanta, masunta ne." Ina! Har asuba idona biyu.

4/ Kafin hantsi Mama ta kira sau huɗu daga Bakura: "Yaushe za ka kamo hanya?"