Gaiwa a birnin Paris

Ɗari iri biyu ne, ya ku masu karatu. Akwai namu na hunturu, wanda ke saukowa da jaura daga arewa, ya fasa leɓe da diddige, ya sa tsofaffi su kewaye wuta da asuba suna jiran hantsi. Wannan ɗari yana da kunya, da rana ta ɗaga sai ya janye jiki. Akwai kuma na ƙasar Faransa, wanda bai san kunyar kowa ba. A watan Janairu rana ba ta fitowa a can sai bayan ƙarfe takwas da rabi, in ma ta ga damar fitowa, kuma kafin shida na marece duhu ya rufe gari. Ɗari ne mai laima, mai ratsa riga uku ya iske ƙashi.

A cikin irin wannan ɗari, a Janairun 2023, na yi wata ƴar tafiya ta kwana biyu wadda har yau ba ta bar raina ba. Aiki ne ya kai ni birnin Lille, a arewacin Faransa, domin horon wata uku kan aikin jarida. Uwargidana kuwa ta riga ni shiga ƙasar tun watan Satumba na 2021, tana karatun kiwon lafiyar jama'a a Paris, ta baro ɗiyarmu ƙarama a hannun mahaifiyata a Maraɗi. Tsakanin Lille da Paris bai fi nisan Maraɗi da Damagaram ba. Jirgin ƙasa na TGV awa ɗaya yake yi, amma aljihuna ya zaɓar mini motar fasinja, wadda ke cin awa uku. Ranar Jumma'a da dare na sauka, hannuwana sun sandare har na kasa riƙe jaka.

Ɗakinta yana can saman wani tsohon bene, hawa na shida, irin ɗakunan da masu hali na dā suke ajiye barorinsu. Gado, tebur, murhun lantarki mai baki ɗaya, taga mai kallon rufin maƙwabta. Na taho da kilishi da garin kuka da ɗan yaji, ina tsammanin ni kaɗai ne maigidan wannan ɗaki. Ashe akwai wadda ta riga ni. A kan matashin kai, daidai wurin da ya kamata in sa kaina, wata mage ce toka-toka, mai ƙiba kamar tulu, ta ɗaga ido ɗaya ta dube ni, ta mai da shi ta rufe.

Magen ta wata tsohuwa ce Bafaransa da ke hawa na biyu. Da ƙafafunta suka gaza aka kai ta gidan tsofaffi, inda ba a yarda da dabba ba, ƴaƴanta kuma kowa ya ce ba shi da wuri. Uwargida, wadda ta saba ɗauko wa tsohuwar burodi, ita aka bar wa amana. A wurinmu mage, ko mussa kamar yadda mutanenmu ke cewa, ma'aikaciya ce: tana gadin rumbu, tana cin abin da ta kama, ba wanda ya san inda take kwana. Ba a wulaƙanta ta, domin kowane yaro ya ji yadda sahabi Abu Huraira ya sami laƙabinsa saboda ƴar kyanwar da yake ɗauka, amma kuma ba a yi mata shimfiɗa. Wannan kuwa tana da likita, tana da littafin allura, tana da ƴar ƙwayar lantarki a ƙarƙashin fatar wuya mai ɗauke da lambarta, domin doka ta wajabta haka a Faransa. Har fasfo gare ta, mai shuɗin bango, wanda ke ba ta damar shiga Beljiyam ko Jamus ba tare da an tambaye ta dalili ba. Na daɗe ina juya wannan fasfo a hannuna, ina tuna safiyoyin da na yi a layi a Yamai da tulin takardu kafin in sami biza.

Na ce, "To wannan Hajiyar, nawa take ci a wata?"

Uwargida ta yi dariya ta ce, "Malam, kar ka lissafa da sefa, ba za ka yi barci ba."

Na lissafa duk da haka, yuro ɗaya a kan sefa 656, na ga abin ya doshi kuɗin tiya mai yawa ta gero. Amma da dare ya raba na gane abin da ake saye da wannan kuɗi. Iska na kaɗa taga, gidan ya yi tsit kamar maƙabarta, babu kukan jaki, babu muryar maƙwabci, babu yaro mai tari a ɗakin kusa. Magen ta taka a hankali ta kwanta a ƙafafun uwargida, tana wannan gurnani nata mai kama da injin niƙa daga nesa. Wata goma sha shida matar nan ta yi a wannan ɗaki. Akwai ranakun Lahadi, in ji ta, da ba ta buɗe baki ta yi wa kowa magana ba sai wannan dabba, kuma da Hausa take yi mata.

Ranar Asabar ta ce za ta kai ni in ga kifi. Na ce mutumin da ya ci giwan ruwa a bakin kogi a Gaya, ya ci tarwaɗar Madarunfa, wane kifi za a nuna masa? Ta ce in dai sa hular sanyi. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na 8, muka fita a tashar Porte Dorée, gab da dajin Vincennes.

Ginin da ke wurin ya kamata kowane ɗan Nijar da ya je Paris ya tsaya a gabansa. An gina shi ne domin babban baje kolin mulkin mallaka na 1931, wanda Marshal Lyautey ya jagoranta, lokacin da Faransa ta so ta nuna wa duniya yawan ƙasashen da ke ƙarƙashin tutarta. Duk fuskar ginin sassaƙa ce ta dutse, aikin wani mai suna Alfred Janniot, fiye da murabba'in mita 1,000: baƙaƙe da mutanen Asiya, galibinsu ba riga, suna noma, suna su, suna dako, ga giwaye, ga jiragen ruwa na jiran kaya zuwa Marseille da Bordeaux. Kowa a cikin dutsen ƙosasshe ne, ba mai alamar gajiya. A wannan shekara ta 1931 fara ta cinye amfanin gona a yammacin Nijar, yunwa ta kashe mutane bila adadin a ƙasar Zabarmawa, kuma ba a daina karɓar haraji ba. Wannan ba ya cikin sassaƙar.

Ginin ya canza suna sau da yawa, kamar mai gudun bashi. Ya zama gidan tarihin ƙasashen mallaka, ya koma na fasahar Afirka da tsibiran Oseyaniya, sa'an nan aka kwashe kayan zuwa Quai Branly, tun 2007 kuma benensa ya zama gidan tarihin baƙin da suka yi ƙaura zuwa Faransa. Abu guda ne bai motsa ba tun 1931, shi ne gidan kifayen da ke ƙasa, wanda aka yi domin a nuna halittun ruwan ƙasashe masu zafi. Har ramin kada akwai, wanda masanin nan Théodore Monod ya kawo wa kadoji daga Dakar a 1948.

Da muka sauka matakala sai ɗumi ya buge ni a fuska, ɗumi mai laima irin na bakin tafki a watan Agusta. Karo na farko ke nan da na cire safar hannu a wajen ɗaki tun da na shigo ƙasar. Yara na ta ihu a gaban kifayen teku masu launin atamfa, ja da rawaya da shuɗi. Uwargida ba ta tsaya nan ba. Ta ja ni zuwa wani akwatin gilashi mai duhu wanda ba kowa a gabansa, ta ce, "Gai da ƴar garinku."

Gaiwa ce. Gaiwa sosai, doguwa, mai launin laka, da ƴan siraran hannuwanta kamar igiya, kwance a ƙasa ba ta motsi. An rubuta mata suna da Latin, Protopterus, an yi bayani da Faransanci cewa tana cikin halittun da suka fi daɗewa a duniya, kuma masana na dubanta don su gane yadda masu rai suka fito daga ruwa zuwa tudu. Ni kuwa abin da na sani shi ne yadda ake haƙo ta da fartanya a busasshiyar fadama da rani, a fasa ɓawon laka a same ta a naɗe da ranta. Gaiwa tana da huhu. Idan tafki ya ƙafe sai ta nutse cikin taɓo, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta har ya bushe ya zama kwasfa, ta bar ƴar kafa ta shan iska. A haka take wata da watanni, bugun zuciyarta ya ragu, tana rayuwa da tsokar jikinta har ruwan farko ya sauka. Da Bahaushe ya ce gaiwa jikinta take ci, ba almara ya yi ba, ya riga masu farar riga gani. Abin mamakinta kuma, ko a cikin ruwa, in aka hana ta ɗagowa ta shaƙi iska, nutsewa za ta yi ta mutu.

Muna tsaye sai ta taso a hankali, ta kai baki saman ruwa, ta haɗiyi iska, ta koma.

"Duk wata nakan zo in gan ta," in ji uwargida. "Wannan ba ta san rani ba, shi ya sa ta yi ƙiba."

A nan, ba ta dube ni ba, idonta na kan gilashi, ta faɗi abin da ta kawo ni ta faɗa. Malamarta ta nemo mata tallafin karatun digirin dakta, shekara uku, kan mace-macen mata wurin haihuwa a ƙasashen Sahel. Dole ta ba da amsa kafin ƙarshen Fabrairu. Ta ce, "Malam, in ka ce in dawo, zan dawo, ba zan riƙe ka a zuciya ba. Amma ka sani yarinyar nan ta fara kirana Maman salula."

Na san da wannan suna. Ni na fara jin sa a tsakar gida a Maraɗi, na hana a gaya mata, ashe ya iso. Na san kuma abin da ake faɗa a bayan idona, cewa wane ya saki matarsa ƙasar Nasara ya zauna yana gadin gida, da shawarar da ƴan uwa ke kawowa a kaikaice cewa namiji ba ya zama haka, ga ƴaƴan mutane birjik. Wani sashe na masu karatun wannan shafi ra'ayinsu ke nan, ban kuma ce ba su da hujja ba, domin shekara uku a rayuwar yarinya ƴar shekara huɗu ba abin wasa ba ne. Sai dai na taɓa raka uwargida gidan haihuwa lokacin tana aiki a karkara, na ga matar da aka kawo a amalanke bayan kwana biyu tana naƙuda. Ban ga fuskarta ba, ƙafafunta kawai na gani.

Ba mu yanke magana a gaban gaiwa ba. Mun yanke ta ranar Lahadi da hantsi, bisa tuwon semolina da miyar kukar da na kawo, mage na zaune a kan kujerata ni ina bakin gado. Muka yi lissafi irin na masu hankali, da takarda da alƙalami: ita za ta zo gida kowace damina ta yi wata biyu, ni kuma in nemi biza kowane ɗari in zo da yarinyar, ta ga dusar ƙanƙara, ta ga kifaye masu launin atamfa. Har ranakun muka rubuta. Da marece ta raka ni tasha, tana sanye da hulata, domin tata ta jiƙe.

Wata shida bayan haka, ranar 26 ga Yuli 2023, sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Jiragen Air France suka daina sauka, aka dakatar da ba da biza, a farkon Janairun 2024 kuma aka rufe ofishin jakadancin Faransa. Rabin lissafinmu ya tsaya a kan takarda. Ɗaya rabin uwargida ce ta ɗauke shi: daminar 2024 ta biyo ta Kasablanka, ta kwana a filin jirgi, ta iso Maraɗi da akwati biyu, ta bar magen a hannun wata ɗaliba ƴar Mali da ke hawa na biyar. Yarinyar ta ɓuya a bayan kakarta yini guda cur. Kashegari da safe ta fito, ta tsaya a bakin ƙofa, ta tambayi uwarta ko ta zo mata da magen.