Matar da ba ta taɓa jefa fatsa ba

A arewacin Sikotland, kusa da garin Brora, akwai wani ɗan gida da ke fuskantar teku a wurin da ake kira Kintradwell. A nan Megan Boyd ta shafe kimanin shekara 50 tana sana'a guda: ɗaure ƙudan fatsa na kamun kifin salmon. Ba ƙuda ba ne na gaske. Ƙugiya ce ake yi wa sutura da gashin tsuntsaye da zaren alharini da siririn zaren azurfa, har ta fito tamkar wani ƙwaro mai ado, sai masunci ya ɗaura ta a bakin igiya ya jefa cikin kogi.

Sana'ar ta bunƙasa ne a ƙarni na 19, a bakin koguna irin su Tweed da Spey da Dee. Kowane ƙuda yana da sunansa da tsarinsa. Wanda ya fi shahara shi ne Jock Scott, wanda wani mai yi wa masunta jagora ya ƙago wajen shekarar 1850. Rabin jikinsa ruwan ɗorawa ne, rabi baƙi, kuma a cikin kayan haɗinsa akwai gashin zabo da na jimina da na ɗawisu da na tuje. Aikin da ya fi wuya shi ne fiffike: a tsago siraran sili daga gashin tsuntsaye daban-daban, a jera su gefe da gefe, a shafa su a hankali har su manne kamar daga jikin tsuntsu ɗaya suka fito. Abin mamaki, kifin salmon ba ya cin abinci idan ya baro teku ya hau kogi don yin ƙwai. Har yau masunta suna gardama kan abin da ke sa shi cafkar ƙudan.

An haifi Megan a 1915, mahaifinta kuwa mai tsaron kogi ne. Tana 'yar shekara 12 wani abokin aikinsa, Bob Trussler, ya karɓe ta a matsayin almajira. Yakan ba ta ƙudan da aka gama, ya sa ta warware shi sili-sili, ta sake ɗaure shi a kan ƙugiyar da ta fi ƙanƙanta, sannan a kan wadda ta fi wannan. Daga baya ta riƙe littattafai biyu: na George Kelson na 1895 da na Pryce-Tannatt na 1914. Amma hannu daga hannu yake koyo, kuma wannan dattijo ne farkon aminin da sana'ar ta ba ta.

Tana da shekara 20 ta koma Kintradwell ita kaɗai da karenta. Mafi yawan shekarun da ta yi a can babu wutar lantarki, don haka a gaban taga take aiki, hasken rana ne fitilarta. Mai hangen gidan daga nesa zai ɗauka kaɗaici ne ya yi mata katutu, alhali hanyar gidan ba ta rabuwa da sawu. Masunta daga Ingila da Amurka da sauran ƙasashe sukan tsaya su yi odar ƙuda, su zauna suna kallon yatsunta, su ba ta labarin kogi: inda ruwa ya ƙaru, inda kifi ya kama, inda ya kuɓuce. Ita kuwa ba ta taɓa jefa fatsa ba, domin ba ta son a kashe kifin. Ta san kogunan ne ta bakin mutanen da ke dawowa wurinta shekara bayan shekara, su kuma ba su da abin jefawa sai abin da ta ɗaure. Kowa yana riƙe da rabin da ɗan'uwansa ba shi da shi, kuma a kan haka zumuncin ya tsayu.

Cikin masu zuwa har da Yarima Charles, wanda yanzu shi ne Sarkin Ingila. A 1971 Sarauniya Elizabeth ta ba ta lambar girmamawa, amma Megan ta aika cewa ba za ta samu zuwa fadar Buckingham ba, don babu wanda zai kula mata da kare. Ba raini ba ne. Ta san inda haƙƙinta yake.

Aikin da ya tara mata jama'a shi ne ya cinye mata idanu. Wajen 1985 ganinta ya yi rauni har ta ajiye zare da almakashi. A nan ne ake gane ko ƙuda ake zuwa nema ko mai ɗaure shi, domin babu sauran abin saye. Ba a watsar da ita ba. Har Yariman ya ziyarce ta a gidan kula da tsofaffi. Ta rasu a Golspie a watan Nuwamba na 2001, tana da shekara 86. Da yawa daga cikin waɗanda suka mallaki ƙudajenta ba su ƙara jefa su a ruwa ba, sun adana su a cikin gilashi.