Ƙwallon jami'a sai da katin ɗalibi

Mu da muka taso muna murza leda a filayen makarantun Kiru da Bebeji, mafarki biyu muka sani: Kano Pillars ko Turai. Sai a jami'a muka ji labarin NUGA, gasar wasannin jami'o'in Najeriya. A Ibadan aka fara ta a 1966, lokacin jami'o'i biyar ne kacal a ƙasar, har da ABU Zariya, kuma ƙwallon ƙafa na cikin wasanninta. Amma ƙannenmu, komai gwanintar mutum ba ya bugawa sai yana da rajistar ɗalibi. Gwanin unguwarmu, wanda ya fi mu duka iya yanka, ya bar makaranta a aji huɗu. Yanzu mu ake kira gwaji, shi kuwa sai dai ya bugo waya ya ji yadda aka tashi.