Dakoro: iskar gabas da rufin kwano

Mai mota da ya bar Maraɗi ya nufi arewa, in ya wuce Kornaka, zai ga itatuwa suna raguwa, gonakin hatsi suna faɗi, har ya isa Dakoro, kusa da kwarin Tarka, inda noma ke iyaka da ƙasar makiyaya. Gari ne na rairayi. A watan Yuni, da la'asar, ƴan kasuwarsa sun fi duban gabas da duban ciniki.

Daga can take tasowa. Sama ta yi ja, ƙura ta miƙe kamar ganuwa, kafin a naɗe tabarma rana ta ɓace. Ma'aikata kan rubuta «tornade» a rahotonsu, sunan da aka gada tun zamanin Faransawa. Masana yanayi kuwa suna cewa jerin hadari ne mai tafiya daga gabas zuwa yamma, iska a gaba, ruwa a baya, in an yi sa'a.

Guguwar da ta cancanci wancan suna wata aba ce dabam: tana juyawa, tana saukowa daga gajimare kamar mazurari. Ran 18 ga Maris 1925 irinta ta ratsa jihohin Misuri, Ilinoyi da Indiyana a Amurka, ta yi tafiyar kilomita kusan 350 cikin awa uku da rabi, ta kashe mutum 695. A garin Murphysboro kaɗai an rasa 234.

Ɓarnar iskar Dakoro ba ta cika jarida haka ba. Tana kwashe kwanon ajin makaranta, ta kifar da rumbu, ta karya rumfunan kasuwa. Mafi muni shi ne abin da take yi a gona: hatsin da ya fara tsiro, rairayi ya yanke shi ko ya binne shi. Manomi ya sake shuka, wani lokaci har sau uku, da irin da ya ciwo bashi. Ɗan kasuwa kan ga sakamakon a farashin tiya bayan wata huɗu; rahoto kuwa kwano ya ƙirga, domin shi ake gani daga bakin hanya.

A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 aka soma dasa layukan dogon yaro don kare iska. Manoman jihar Maraɗi kuma, daga shekarun 1980, suka koma barin tohon kututture ya girma a gona maimakon sassabe shi. A hanyar Dakoro ana gane gonar wanda ya yi haka tun daga nesa: gawo da kalgo a tsaye, shuka a ƙarƙashinsu kore.