Masu Nutso

Bahar Maliya, wadda Isra'ilawa suka haye a kan sandararriyar ƙasa, yau wurin yawon buɗe ido ce. Baƙi sukan goya tulun iska a baya, su rufe ido da gilashi, su nutse don kallon murjani. Murjanin nan ba dutse ba ne a asalinsa. Ƙananan halittu ne masu rai suke gina shi sannu a hankali, tsara bayan tsara, kifaye masu launi iri-iri kuwa suna kai da kawowa a cikinsa kamar ranar kasuwa. Tun 1943, sa'ad da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera na'urar numfashi a Faransa, ɗan Adam ya sami damar daɗewa a ƙarƙashin teku yana ba idonsa abinci. Ban raina wannan ba, gama duban aikin Mahalicci ma yabo ne.

Amma ni mazaunin Bodinga ne, masu nutson da na sani kuwa suna gaba kaɗan da mu, a Shagari, kan hanyar Tambuwal. Masunta ne. Ba su da tulu, ba su da gilashi. Numfashi guda da mutum ya ja shi ne guzurinsa. Ruwan ma launin kunu gare shi, ko tafin hannunka ba ka gani. Don haka hannu ne idonsu. Da laluba suke gane tarwaɗa ta santsinta, ƙurungu ta ƙayarsa, minjirya kuwa ita ke gabatar da kanta, ba ta jira a tambaya.

A watan Afrilu na 2022 kwale-kwale ya kife da mutanen Gidan Magana a ruwan Shagari, rayuka 29 suka salwanta, yawancinsu yara da matasa. Maƙwabtanmu Musulmi suna cikin azumi, mu kuma muna cikin makon da ake tuna mutuwar Almasihu. Masuntan nan ne suka shiga ruwa. Hannun da ya saba laluben kifi ya koma laluben 'ya'yan mutane a cikin laka, domin kowace uwa ta sami abin da za ta yi wa sutura.

A Jumma'ar makon an yi mana wa'azi a kan Yesu da ya sauka cikin duhun kabari saboda waɗansu. 'Yan'uwa, ina zaune a benci, amma zuciyata tana bakin ruwan, wurin mutumin da ya fito yana haki, ya miƙa gawa, ya ja iska, ya sāke komawa.

A addu'ar roƙo mukan ambaci shugabanni da sojoji da likitoci. Ina so mu ƙara da masu nutso. Yara ba su daina haye ruwan nan neman itacen girki ba, ga damina kuma tana tafe.